Na Zaɓi Na'urar Sanyi Kamar Mai Zaɓen Bijimi

Tsufa ya fara taɓa ƙwaƙwalwata. Sai in ajiye hula in yi ta nema, ko in kira jika da sunan ɗan'uwansa. Amma akwai abu ɗaya da na san ko komai ya goge a kaina shi ba zai goge ba, wato bazarar da na sayo wa maiɗakina na'urar sanyaya ɗaki. Wani zai ce ai wannan ba labari ba ne. To a wurina labari ne, domin saura kaɗan in rasa matar da muka haura shekara arba'in tare, kuma da hannuna, ina ganin wayo nake yi.

Ni falken shanu ne. Karatuna bai wuce allo da 'yar firamare ba, sauran duk a kara, wato kasuwar shanu, na yi shi. Tun ina saurayi nake bin kasuwannin dabbobi, daga nan Daura zuwa Zango, zuwa Baure, har tsallaken iyaka. Kara kuwa ta koya mini abubuwa da na riƙe kamar karatu. Kada ka sayi san da aka jawo aka kawo gabanka. Duk wanda ya yabi dabba yana da la'ada a cikinta. In kuma ka ga dillali da mai dabba sun gaisa suna dariya tun kafin ka buɗe baki, to an gama cinikinka, kai kawai ake jira ka biya. Wannan ya cece ni sau da yawa a kasuwa. Kuskurena shi ne ban taɓa ajiye shi a bakin kara in dawo gida ba.

Hajiya, wato maiɗakin nawa, ta daɗe tana fama da ciwon suga da hawan jini. Kullum sai ta yi wa kanta allura, kuma maganin allurar a firji yake zama. A shekarar da nake ba da labari jikin ya matsa mata, yawanci tana kwance. Sai ga bazara ta shigo da ƙarfinta. Ɗakinta rufin kwano ne, daga hantsi ya fara ɗaukar zafi sai ka ce tanda. Fanka tana juyawa, amma iskar da take turowa kamar daga bakin murhu. Ƙurajen zafi suka feso mata a baya, barci ya gagara, abinci ma sai an yi da gaske. Da muka koma asibiti likita ya dube ni ya ce, “Alhaji, zafin nan yana cin ta fiye da ciwon. In da hali a sanyaya mata ɗaki.”

Ina da suruki, mijin 'yata ta biyu, aikinsa haɗa sola. Shi ya haɗa mana ta gidanmu shekara biyu kafin nan, da ita muke kunna firji da fanka da fitilu, tunda wutar gari sai ta ga dama take leƙowa. Ko a lokacin sai da na biya shi har kuɗin aikin hannunsa, yana ƙi ina tura masa, don ni a tsarina ba na cin abin suruki. Mutum ne mai kunya ƙwarai. Tun daga ƙofar zaure yake cire takalmi, a tsugune yake gaishe ni, bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabana ba, kuma ban san kalar idonsa ba don bai taɓa ɗaga shi ya dube ni ba.

Da ya ji maganar likita sai ya zo da tef ɗin awo. Ya auna ɗakin tsaye da kwance, ya leƙa batir da inbata, wato akwatin da ke juya wutar batir ta zama ta gida, ya yi 'yan rubuce-rubuce a takarda. Sannan ya tsuguna ya ce, “Baba, bangon nan na ƙasa ne aka shafe da siminti, ba zai ɗauki ta maƙalawa ba. Akwai esi, wato na'urar sanyi, mai taya, ana tura ta daga ɗaki zuwa ɗaki, tiyonta kawai za a fitar ta taga. Sai dai ba girma za mu duba ba, cin wuta za mu duba. Akwai 'yar madaidaiciya da in ɗaki ya yi sanyi take rage gudu da kanta. Ita ce solarmu za ta iya ɗauka.”

Na ce to. Ya ce shi zai je Katsina ya kawo. Nan ne kunnena ya motsa. Na ce masa ni ba na sayen abin da ban taɓa da hannuna ba, tare za mu je, gobe ma. Sai na ga ya ɗan yi jim, ya ce, “Baba, a bari zuwa Asabar.” Na tambaye shi dalili, ya ce akwai aikin da zai ƙarasa. A raina na ce to, ana neman lokacin shirya magana ke nan. Ku duba fa, mutumin bai yi mini komai ba tukuna, amma na riga na buɗe masa shafi.

Ranar Asabar da sassafe muka shiga mota. Muna isa Katsina bai ce mu zagaya mu ga shaguna ba, kai tsaye ya nufi wani shago da ni. Mai shagon yana hango shi ya taso da fara'a, “A'a, Injiniya! Kun iso lafiya? Wannan ne Baban namu?” Suka gaisa suna dariya. Ban ce ga abin da na zo nema ba, ban ce uffan ba, sai ga mai shago ya shiga ciki ya turo wata 'yar farar na'ura da ba ta kai ƙuguna ba, ya tsayar da ita a gabana. Duk alamun da na sani sun cika a wuri ɗaya. Na ji wani sanyi a raina irin na wanda ya kama ɓarawo, na ce yau za su san da wa suke yi.

Na yi kamar ban gan ta ba. Na zagaya shagon hannu a baya, yadda nake zagaya garke. Can a lungu na hango wata ƙatuwa 'yar gwanjo, ruwan toka, ta kusa kai ƙirjina. Na bubbuga gefenta na ji ƙarfe ne. Na gwada ɗaga ta na ji nauyi. Na sa aka kunna, ta yi wani gurnani ta buso iska har hulata ta karkace. Na ce a kunna 'yar farar, sai na ji wani ɗan shuu kamar numfashin jariri. Na tambayi kuɗi, wai 'yar farar ta fi ƙatuwar tsada. Na yi dariya na ce, “Yau na ga inda maraƙi ya fi bijimi kuɗi.”

Mai shago ya ce, “Baba, ai ba nama za ka yanka ba. Waccan tsohuwar yayi ce, in ta tashi wuta take sha kamar raƙumi ya samu rijiya. Dubi takardar jikinsu, ga abin da wannan ke ci, ga na waccan.” Ya nuna mini lambobi. Na ce masa takarda ba ta taɓa sayar mini da komai ba, ni abin da hannuna ya taɓa na sani.

Surukina ya matso, murya ƙasa ƙasa ya ce, “Baba, waccan ta fi ƙarfin inbatarmu. Wallahi ba za ta ɗauka ba.”

Akwai mutane a shagon, kusan biyar. A gabansu na juya na ce, “Kai, ni fa na tsufa a ciniki. Faɗa mini la'adarka nawa ce a kan 'yar farar nan, in ba ka daga aljihuna, ka bar ni in sayi abin da nake so.”

Mai shago ya buɗe baki zai yi magana, na ga surukina ya girgiza masa kai kaɗan. Sannan ya sunkuyar da kai. Yau na san kunya ce da ladabi suka rufe masa baki, don ba zai iya musu da uban matarsa a bainar jama'a ba. Amma a ranar girgiza kan nan da sunkuyon nan su na ɗauka a matsayin amsa laifi. Na biya kuɗin ƙatuwar. Shi da kansa ya taimaka aka ɗora ta a mota, muka dawo Daura.

A gida ya fitar da tiyon ta taga, ya toshe gefe da kwali, ya kuma ɗaura wata 'yar na'ura a bango wadda ya ce in nauyi ya yi yawa za ta katse wuta da kanta. Zai tafi ya tsuguna ya ce, “Baba, don Allah kada a kunna ta a kan sola. A bari sai an kawo wutar gari.” Na ce na ji. A zuciyata kuwa cewa na yi ba ya so in ga ta yi aiki ne, kada asirinsa ya ƙara tonuwa.

Bayansa bai gama ɓacewa ba na kunna. Ta yi gurnani, ɗaki ya fara sanyi. Hajiya ta ɗago kai ta ce, “Alhaji, na'urar sanyi ka sayo ko injin markaɗe?” Na ce, “Ke dai ji daɗinki. Mai ƙarfi ai sai an ji muryarsa.” Ba a yi rabin awa ba wuta ta katse. Na mayar, ta sake katsewa. Na mayar, ta sake. A nan mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa na tsaya a gaban 'yar na'urar bangon nan ina kallon ta, na ce lalle yaron nan ya iya shiri, wato tarko ya ɗana mini don in kira shi in ce ya yi gaskiya.

Ranar Litinin na je bakin kasuwa na ɗauko wani mai gyaran wuta, na ce ya cire ta ya haɗa waya kai tsaye. Mutumin ya duba ya ce, “Alhaji, wannan fa don tsaro aka sa ta. Wanda ya yi aikin nan ya san abin da yake yi.” Na ce, “Wa'azi na kira ka ko aiki?” Ya ɗaga kafaɗa ya cire. Ban ɗora masa laifi ba har gobe, ya faɗa mini gaskiya na ƙi.

Ranar ta yi aiki tun hantsi ba tsayawa. Hajiya ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba, ni kuma ina zaune a tsakar gida ina jin kaina kamar wanda ya ci kasuwa. Inbata tana ta wani tsit-tsit-tsit, na ce ita ma an koya mata ƙarya. Gab da la'asar na ji wari kamar ana ƙona roba. Kafin in miƙe sai ƙara, fat, hayaƙi ya turnuƙe lungun batir. Komai ya mutu. Na'urar, da fanka, da fitila, da firji.

Ko a nan da na ɗauki waya na kira shi, da abin ya tsaya iya asarar kaya. Hajiya ta ce, “Ka kira yaron nan mana.” Na ce mata na riga na yi magana da wani, gobe zai zo. Ƙarya nake yi, neman wani nake yi daga nesa wanda labari ba zai kai kunnen surukina ba. Wanda na samu ya ce sai ya dawo daga Baure. Wutar gari kuwa ko ƙyallinta ba mu gani ba a makon. 'Yata sai Juma'a take zuwa, sauran 'ya'yan duk suna nesa, don haka ba wanda ya san halin da muke ciki. Na ɗauki mafici ina yi mata fifita, hannu ya gaji in canza. Na jiƙa zane na rataya a taga. Maganin allurarta yana nan cikin mataccen firji, ƙofa a rufe, a ɗakin da ko ruwan randa ya yi ɗumi. Ban san zafi yana kashe ƙarfin maganin ba. Ita tana ta yin allurarta a kan lokaci, ni ina ta kare girmana.

Ranar Talata ta ce ƙishirwa ba ta barin ta. Ranar Laraba ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu. Ta sake cewa, a hankali, “Alhaji, ko ni in kira shi? Ba sai ka yi magana ba.” Na ce in ta kira shi ta nuna wa duniya ban isa da gidana ba. Ta yi shiru. Wannan shirun nata yana cikin abubuwan da ke hana ni sukuni har yanzu.

Ranar Alhamis na dawo daga sallar azahar na yi sallama ba ta amsa ba. Na same ta a kwance, leɓe ya bushe ya tsage, numfashi sama sama, ido a buɗe amma ba ni take gani ba. Na kira ta sau uku, sai wata magana da ba ta haɗu ba. Na fita da gudu ba takalmi na buga wa maƙwabci ƙofa, muka sa ta a motarsa sai asibiti. Aka sa mata ruwa, aka auna, likita ya fito ya tambaye ni ina ake ajiye allurarta. Na ce a firji. Ya ce firjin yana aiki? Na ce tun Litinin ya mutu. Ya dube ni ya ce, “Sugan ya hau sosai, jikinta ya bushe. Da kun ƙara yini ɗaya, da wani zancen ake yi.”

'Yata da mijinta suka iso tare. Ya cire takalmi a barandar asibiti kamar yana ƙofar zaurena, ya tsuguna ya gaishe ni, ya yi mini ya mai jiki. Sannan ya ce, “Baba, a ba ni makullin gida.” Kun san abin da ya fara zuwa mini a rai? Cewa na yi so yake ya je ya ga ɓarnar da idonsa ya samu abin faɗa. Matata tana kwance tsakanin rai da mutuwa, amma ciwon zargin bai sake ni ba. Na dai miƙa masa don ba yadda zan yi.

Bayan ya tafi 'yata ta same ni a gindin darbejiyar da ke harabar asibitin. Ta durƙusa, idonta ya yi ja. Ta ce, “Baba, zan faɗi magana, ka yafe mini. Ka san abin da ya sa mai shagon nan ya san da zuwanku?”

Na ce na sani sarai.

Ta ce, “Ba ka sani ba, Baba. Ranar Laraba kafin tafiyarku ya je Katsina shi kaɗai. Ya zagaya shaguna ya zaɓi wadda ta dace da ɗakin Inna, ya biya wani abu a kai daga aljihunsa, ya roƙi mai shago in ka zo ya faɗa maka ragowar a matsayin kuɗinta. Don ya san ba za ka karɓi ko sisi daga hannunsa ba. Ni na ba shi shawarar. Abin da ka faɗa masa ma bai gaya mini ba, mai shagon ne ya bugo yana ba shi haƙuri na ji.”

Na zauna a kan wani dakali da ke wurin. Wato idona bai yi ƙarya ba, akwai shiri a tsakaninsu, akwai magana da aka ɓoye mini. Amma a duk tsawon rayuwata ban taɓa kawo wa raina cewa mutum biyu za su haɗa baki a bayanka don su ƙara maka ba, ba don su rage ka ba.

Hajiya ta yi kwana tara a asibiti. Ranar da muka dawo da ita na tarar surukina ya ciro inbatar gidansa ya ɗaura mana, shi da iyalinsa suna zaune ba fanka a cikin wannan zafi. Ya mayar da 'yar na'urar bangon da na sa aka cire. Ya koma Katsina ya ɗauko 'yar farar. Tana tsaye a kusurwa, da ƙyar kake jin motsinta, ɗakin kuwa ya yi sanyi mai daɗi ba mai sa mura ba, ga firji yana aiki, ga fitila, duk a lokaci ɗaya. Bai ma tsaya mun haɗu ba.

Washegari da hantsi na je shagonsa. Yana tare da abokan aikinsa da wasu masu sayen kaya. Na cire takalmina a bakin ƙofa, na fara durƙusawa. Ya yi wurgi da abin da ke hannunsa ya zube ƙasa ya riga ni, yana cewa, “Subhanallahi! Baba, don Allah tashi, mutane suna kallo.” Na ce, “Su kalla. A gaban mutane na ci maka mutunci, a gaban mutane zan roƙe ka.” Ya ce wallahi bai riƙe ni ba, ai ni uba ne. Ranar ce na fara ganin idonsa, kuma cike yake da hawaye.

Shi ya yafe nan take. Hajiya ma ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Amma bayan kwana biyu an kawo sabon maganin allura, na miƙa hannu zan karɓa in sa a firji, sai ta ɗora hannunta a kai ta ce, “Bar shi, Alhaji, yarinyar nan tana hanya.” Ba faɗa, ba ɗaure fuska. Tun daga ranar, in abu ya shafi lafiyarta ba ni take tambaya ba. In na ce mata likita ya ce kaza, sai ta ce to, anjima in ji tana tambayar 'yarta a waya. Haka muka zauna shekara uku har Allah ya karɓi abarsa, tana girmama ni, tana yi mini raha, amma ranta ba ta sake ɗora shi a kan maganata ba. Kuma ba ta yi laifi ba.

Abin da na koya na koye shi a makare, shi ya sa nake faɗa wa masu sauran lokaci. In wanda ya san aiki ya gaya maka abu a kan aikinsa, ka saurara, ko da ɗan cikinka ne. In zargi ya shiga ranka game da naka, ka kira shi gefe ka tambaye shi kafin ka yanke hukunci. In kuma ka yi ɓarna, ka faɗa tun ana iya gyarawa, domin ba kai kaɗai za ka biya ba, mai rauni a gidanka shi zai fara biya. Na yi rayuwata ina tsoron kada wani ya cuce ni, ban yarda da kowa ba. A ƙarshe ba wanda ya cuce ni, ni ne na zama wanda aka daina yarda da shi a cikin ɗakina.